Jegon Balkissa Direba

Ranar da na fara ganin Balkissa, motata ce ta ƙi tashi a harabar masallaci bayan sallar Juma'a. Maza uku sun tsaya a kanta, wannan ya ce batir ne, wancan ya ce sai an kira mai jan mota. Sai ga wata doguwar mace ta tattare hijabinta ta cusa a hammata, ta ce mini, "Yaya, buɗe mini gaban." Ta leƙa, ta cire takalminta ta bubbuga kan batir, ta murɗa wani abu da yatsa, ta ce in kunna. Mota ta tashi. Mazan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa dariya take yi, tana goge hannunta da gefen zani.

A shekarar 2011 ke nan. Ni 'yar Zariya ce, na biyo maigidana da ya zo karatu nan Greensboro a Amurka, kuma har yau aikina kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Ita 'yar Birnin Ƙonni ce ta Nijar, ta zo da mijinta Ousmane shekara guda kafin nan. Na girme ta da shekara biyar, shi ya sa tun daga ranar take ce mini Yaya Lantana.

Mahaifinta direban babbar mota ne, mai ɗaukar albasa daga Ƙonni zuwa bakin teku. 'Ya'yansa maza ba wanda ya damu da mota, ita ce take bin sa gareji lokacin hutun makaranta, tana miƙa masa sufana. Ya koya mata sunan kowane abu a cikin inji, amma bai taɓa barinta ta zauna a kujerar direba ba. Ta ce mini abin da yake yawan faɗi shi ne, da ita namiji ce da ya huta.

A Greensboro ta fara aiki ne a wata masana'antar safa, tana tsaye awa goma tana haɗa ƙafa biyu biyu tana sakawa a leda. Ousmane, wanda malamin makaranta ne a gida, ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, ba ya shiga harkar kowa. Shekara huɗu tana wannan aikin safa, kullum tana cewa kanta zai mutu.

Akwai wata cibiya a garin da ke koya wa matan da suka zo daga wasu ƙasashe Turanci da sana'a. A can ta haɗu da Confidence, wata 'yar Ghana da ta tashi a kusa da zangon Kumasi, tana jin Hausa daidai gwargwado. Confidence tana cikin masu fafutukar 'yancin mata, kuma ba da wasa take yi ba. Na san mata aƙalla biyu da ta fitar daga hannun mazan da ke dukansu, ta ɓoye su a gidanta. Wata rana ta tambayi 'yan ajin, kowace ta faɗi aikin da za ta so yi da a ce ba mai hana ta. Wasu suka ce jinya, wasu suka ce kitso. Balkissa ta ce tana son ta ja tirela. Aji ya fashe da dariya. Confidence ba ta yi ba.

Ta ce, "A ƙasar nan ba aikin da aka rubuta sunan namiji a kansa. In kina so, gobe mu je in kai ki makarantar."

Da Balkissa ta kai wa Ousmane maganar, ya ce, "In za ki iya, Allah ya taimaka." Wata uku ta yi tana koyo. Ta ci jarrabawar lasin a karon farko, har da ta mayar da tirela da baya tsakanin layi biyu, wadda take kayar da maza da yawa. Ta kira ni tana ihu a waya: "Yaya, na samu farmi! Kamiyo, Yaya, mai ƙafa goma sha takwas!"

Ba zan ɓoye ba, shekarun farko Balkissa ta ji daɗi, irin daɗin da ban taɓa gani a fuskar wata mace a cikinmu ba. Ta je Texas, ta je Ohio, ta ga dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu. Tana shimfiɗa darduma a bayan kujera ta yi sallarta. Cibiyar ta ɗauki hotonta a tsaye jikin tirela da ɗankwali da tabarau, aka manna a bango, aka sa a takardunsu. Duk watan Maris, lokacin bikin ranar mata, sai an gayyace ta ta yi jawabi, Turawa mata su miƙe suna tafa mata. A masallaci kuwa tsegumi ake yi, har da ni a farko. Daga baya muka daina, don duk mai buƙata wurinta take zuwa.

Sai dai akwai abin da ba ya fitowa a hoton. In ta yi kwana goma sha biyu a hanya ta dawo da hutun kwana biyu, a kicin take cinye su. Ta dafa miyar kuka, miyar gyaɗa, ta soya kaji, ta zuba a robobi ta jera a firiza, kowace da ranar da Ousmane zai ci. Ta yi wanki, ta goge bayi, ta share gida. Ousmane ba mugu ba ne. Bai taɓa cewa ta yi ba, amma bai taɓa cewa ta bari ba. In ta dawo ta tarar da kwanuka a jiƙe, sai ya ce ai da ma yanzu yake shirin wankewa.

Na taɓa ce mata, "Ki ce masa ya riƙa kama miki mana."

Ta ce, "Yaya, ya bar ni na ja kamiyo. Mutane suna ce mishi mijin direba, yana haɗiyewa. In kuma na sa shi wanke tukunya, mi ya rage mishi?"

A cibiya kuwa, abin da suke so su ji daga bakinta shi ne mace tana iya komai. Ta ce mini sau ɗaya a jawabinta ta ambaci gajiya, sai ta ga fuskokin sun canja, kamar ta ɓata musu biki. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ciki biyu ta yi ɓari a waɗannan shekarun. Na biyun a wani wurin hutawar direbobi ya same ta, da rana tsaka, a jihar da ba ta san kowa ba. Ta gyara kanta a bayin wurin, ta sauke kayan da ta ɗauko, sannan ta juyo gida. Sai bayan wata biyu ta faɗa mini, muna tsinkar alayyafo, kamar tana ba da labarin wata.

A 2021 ta samu abin da ta daɗe tana nema: hanya guda tata ta kanta. Ta ɗauki kujeru da gadaje daga garin High Point da safe, ta kai wani ɗakin ajiya a South Carolina, ta dawo ta kwana a gida. Direbobi suna shekara da shekaru suna jiran irin wannan. Sai dai an ba ta ne a matsayin mai kwangila, ba ma'aikaciyar kamfani ba, kuma a lokacin ba ta ga wani bambanci ba. Suka tashi daga cikin gari suka koma McLeansville, wani ƙaramin gida a bakin gona, inda akwai filin da za ta ajiye kan motar.

A nan cikin na uku ya zauna. Tana da shekara talatin da tara. Ta ja mota har cikin wata na takwas, tana tura kujera baya don cikin ya samu wuri. Tun yana wata huɗu suka fara neman takardun mahaifiyarta don ta zo ta yi mata jego, amma har ta haihu ba su fito ba.

A watan Fabrairun 2023 jininta ya hau, aka yi mata tiyata aka ciro yarinya. Suka sa mata Oumaima. Likita ta ce ta huta sati shida, ta riƙa shan maganin hawan jini, ta dawo a duba ta. Kwana huɗu aka sallame ta.

A gida, wadda ta haihu ba ta ɗaga ko buta. Akwai mai dafa mata ruwan wanka safe da yamma, akwai mai dama mata kunun kanwa, akwai tsohuwar da za ta zauna tana kallon ƙafafunta da idanunta, ta gane in wani abu ya canja. Kwana arba'in ake yi. Duk mun san haka, duk an yi mana ko mun yi wa wasu. Ranar suna mun cika gidan Balkissa, mun fi mata talatin, da kulolin abinci da turamen atamfa. Muka raba kwanaki a tsakaninmu, wance Litinin, wance Talata. Ni na ɗauki Laraba da Asabar.

Sau biyu na je. Laraba ta biyu an kira ni aiki don wata ta yi rashin lafiya. Asabar ɗin ɗana yana da wasa a makaranta. Mai Litinin tana aikin yankan kaji, an canja mata lokaci. Mai Talata ba ta da mota, kuma bas ba ya zuwa wajen gidan. Ba wadda ta ƙi ta. Kowace a cikinmu tana da kati da take dangwalawa a bakin ƙofar wani wurin aiki, kuma ba wurin da zai ji cewa ƙawarka ta haihu. Ousmane ya ɗauki hutun kwana biyar, ya koma aiki.

A kwana na goma sha biyar kamfanin ya kira ta. Mai maganar ta yi mata barka da fara'a, sannan ta ce ba za su iya riƙe mata hanyar fiye da sati uku ba, akwai masu jira. Balkissa ta kira Confidence ta tambaye ta ko akwai dokar da za ta kare ta. Confidence ta ce akwai hutun sati goma sha biyu, shi ma ba albashi, kuma na ma'aikata ne, bai shafi 'yan kwangila ba.

Da na ji, na kira ta na ce, "Balkissa, ɗinkin cikinki bai warke ba. Ki bar musu hanyar."

Ta ce, "In na bari, sai in koma tafiyar sati biyu biyu. Wa zai ba ɗiyar nono? Da wannan ko ba komi ina kwana da ita." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma Yaya, in na saki, cewa za a yi da ma an faɗa, mace ba ta iyawa."

Ranar da ta cika kwana goma sha tara da haihuwa ta ɗaure cikinta da ɗankwali biyu ta hau mota. Oumaima kuma aka kai ta wurin wata mata mai renon jarirai a gidanta. Balkissa tana tsayawa a hanya sau biyu ta tatsi nono da na'ura a cikin mota, ta sa a kula mai ƙanƙara. Ranar da aka ba ta ta koma asibiti ta faɗo ranar aiki, ta ɗaga zuwa wani satin. Kanta yana ciwo, ta ce rashin barci ne. Ƙafafunta sun kumbura har ta koma sa takalmin Ousmane. Ba wanda ya gani, don ba wanda yake kallonta.

Kwana tara ta yi a haka. A rana ta goma, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta sauke kaya a South Carolina. Akwai wani dattijo baƙar fata a wurin, Josiah, mai tuƙa injin ɗaga kaya, sun saba gaisawa. Shi ya ba mu labarin daga baya. Ya ce ta zo sa hannu a takarda, biro ya faɗi, ta sunkuya ta ɗauka ya sake faɗuwa. Ya dubi fuskarta ya ga bakinta ya karkace. Ya yi mata magana, ta amsa da abin da bai gane ba, ta juya ta nufi motarta tana jan ƙafa. Ya bi ta da gudu ya zare makullin daga hannunta. Ya ce ta yi kokawa da shi da hannu ɗaya, tana ta maimaita kalma guda, wadda daga baya ya gane sunan yarinyar ne. Ya zaunar da ita a ƙasa ya kira motar asibiti. Da ta hau babban titi a haka, da ba ita kaɗai za a ɗauko ba.

Jijiya ce ta fashe a kanta. Ta yi sati biyar a asibiti, wata biyu a gidan gashin ƙashi. Ta rayu. Maganarta ta dawo a hankali, sai dai tana jan ta. Ƙafar hagu tana takawa da sanda. Hannun hagu bai dawo ba, yana nan a lanƙwashe a ƙirjinta. Lasin ya tafi, na babbar mota da na ƙarama duka.

Wata takwas Ousmane ya yi yana fama. Ya koyi dama madara, ya koyi wanka, ya koyi dafa shinkafa. Ya ƙara aiki na biyu. Balkissa ba ta iya ɗaukar yarinyar sai an ɗora mata a cinya, kuma wata rana Oumaima ta zame daga hannunta ta faɗi kan kafet. Ba abin da ya same ta, amma daga ranar Balkissa ba ta ƙara yarda a bar su su biyu ba. Ita da kanta ta ce a kai yarinyar Ƙonni wurin mahaifiyarta. Ousmane ya kai ta tana da wata tara. Ni na tuƙa su zuwa filin jirgi. Balkissa ba ta fito daga mota ba. Ta sa hancinta a wuyan yarinyar ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗauke ta."

Confidence ta zo duba ta ina nan. Ta zauna a bakin kujera tana kuka, tana cewa ita ce ta kai ta makarantar. Ta ce shekara goma ke nan suna zuwa majalisar jiha suna neman a kafa hutun haihuwa mai albashi, ba a saurare su ba. Ta ce abin da ya faru shi ne ainihin abin da suke yaƙi a kansa, kuma tana so Balkissa ta zo ta ba da labarinta a taro.

Balkissa ta saurare ta har ta gama. Ta ce, a hankali, tana neman kalmomin, "Ban ga laifinki ba. Ke kaɗai ce ba ki yi mini dariya ba. Kuma tuƙin, wallahi ko yau aka ce in sake zaɓe, shi zan zaɓa." Ta goge gefen bakinta. "Amma kun ce in zo in yi aikin maza. Na zo. Nawa na mata ba wanda ya karɓa. Abin da mace take samu a garinmu in ta haihu, nan babu shi, kuma ba ku faɗa mini babu ba. Kun ce dai ina iyawa. Ni ma na yarda."

Confidence ta ce, "Shi ya sa nake so su ji daga bakinki."

Ta ce, "A'a. Na gaji da tsayuwa gaban mutane. Ku cire hoton nan na cibiya ma."

Ni ina gefe ina jin su. Ba ni da bakin magana. A masallaci wasu sun ce ga abin da bin Turawa yake jawowa, kuma mafi yawan masu faɗin haka suna cikin waɗanda aka raba wa kwanaki ba su je ba.

Yanzu shekara biyu ke nan da wani abu. Suna nan a McLeansville, inda maƙwabci mafi kusa sai ka ƙetare gona, kuma wanda ba ya tuƙi ba ya zuwa ko'ina. Ousmane yana fita da safe ya dawo bayan isha'i. Suna zaune lafiya, irin zaman da ba a yawan magana. Oumaima tana gudu a tsakar gidan kakarta, tana jin Hausa fiye da 'ya'yana. In an kira a waya aka ce ta gaida mamanta, sai ta leƙo ta ce "Ina kwana" ta ruga. Ana ta cewa za a dawo da ita in ta isa shiga makaranta.

Satin da ya wuce na biya ta wurinta kafin in tafi aiki. Na tarar ta share falo da hannu ɗaya, ta dafa shayi. Mun ɗan taɓa hira, sai na ga tana ɓoye hannunta na dama a cikin mayafi. Na ce mene ne. Ta yi murmushi da rabin bakinta, ta fito da shi. Faratan sun yi tsawo har sun fara lanƙwasa, biyu sun tsage.

Ta ce, "Na hagun ina yankewa da kaina. Wannan ne ba ni da abin riƙe reza. Ousmane in ya dawo a gajiye yake, kunya nake ji in tambaye shi."

Na ɗauko abin yanke farce a jakata, na ɗora hannunta a gwiwata. Hannun ya yi laushi, duk kantar ta baje. Na yanke mata ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kallon taga. Da na gama ta juya hannun ta duba, ta ce Allah ya saka da alheri. Ta ce in ƙara shayi. Na dubi agogo, saura minti ashirin da biyar in karɓi aiki, kuma akwai cunkoso a titin Wendover. Na ce mata sai wani satin.